Gurgu a ƙofar filin ƙwallo: kyauta zai shiga, ko tikiti za a yanka masa?

Tambaya: Ma'ajin kwamitin wata gasar cin kofi ta matasa a Birnin Kebbi ne ya rubuto. Ya ce bana sun yanke shawarar karɓar kuɗin ƙofa tun daga zagayen kwata fainal, naira 500 a ɓangaren rana, naira 1,000 a rumfa. Gardama ta sarƙe a kwamiti kan masu buƙata ta musamman. Wasu sun ce a bar su su shiga kyauta kamar yadda aka saba. Wasu sun ce ana fakewa da su ana shigar da ƙartai masu lafiya, don haka kowa ya biya. Yana tambaya wanne ne daidai, kuma ko doka ta ce wani abu.

Amsa:

Malam Ma'aji, Allah ya ƙara wa kwamitinku haɗin kai. Bari in fara ba ka amsar a dunƙule, don in lokaci ya ƙure maka ka sami abin kai wa taro. Ku buga wa masu buƙata ta musamman tikitinsu na kansu, mai lamba. Ku sa masa farashi mafi araha a filin, wato 500 ɗin nan ko rabinta, ko da a cikin rumfa kuka zaunar da su. Wanda ba zai iya zuwa shi kaɗai ba, ku ba ɗan rakiyarsa mutum ɗaya tikiti kyauta, shi ma mai lamba. Kuma kada ku karɓi ko kwabo daga hannun kowa sai kun tanadi wurin da zai zauna ya ga ƙwallo da idonsa. Sauran bayanin duk dalilai ne, da yadda ake yi.

Na shafe shekaru ina aikin ƙofa da tsara ranar wasa, daga gasar unguwa zuwa wasannin da ake sayar da tikiti a babban fili, kuma na zauna da ƙungiyoyin guragu da makafi da kurame kan wannan magana ba sau ɗaya ba. Abin da ake kira "kyauta kamar yadda aka saba" na san shi ciki da bai. Babu inda aka rubuta shi. Yana cikin ran mai tsaron ƙofa ne. Ranar wasan rukuni, fili fayau, mai ƙofa zai washe baki ya ce shigo Malam, har ya kama masa keke. Ranar wasan ƙarshe, jama'a sun yi dafifi, an rufe babbar ƙofa an bar 'yar ƙarama, ɗan sanda ya ɗaga dorina, a lokacin ne za ka gane cewa kyautar ba ta da tushe. Mai tikiti yana ɗaga takardarsa sama yana ihu, ana ja shi ciki. Gurgun da ke ƙasa, kansa daidai gwiwar mutane, ba shi da abin ɗagawa.

Akwai wani bawan Allah da nake tunawa a wata gasa a ɗaya daga cikin ƙananan hukumominmu. A kan katako mai taya yake tafiya, da silifas a hannuwansa. Tun daga wasan farko bai taɓa fashi ba, ya san sunan kowane ɗan wasa da unguwarsu. Ranar ƙarshe sai bayan hutun rabin lokaci muka iya shigar da shi, an tattake masa yatsu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wani daga cikin masu ƙofar ya miƙa masa naira 50 ya ce ya yi haƙuri ya koma gefe, ya ɗauka bara ya zo. Ya ce mini da kuɗinsa a aljihu ya taho, da an sayar masa da tikiti da ya saya tun jiya. Tun daga ranar na daina goyon bayan kyautar baki. In ma kwamiti ya ga dama ya ce ba za su biya komai ba, babu laifi, amma a buga takardar, a rubuta mata lamba, a damƙa wa mutum a hannu kafin ranar wasa.

Batun doka. Akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ita ce ta kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, wadda ta fara aiki a 2020. Dokar ba ta yanke farashin tikitin filin wasa ba, kuma ba ta ce a shigar da kowa kyauta ba, don haka duk wanda ya ce maka doka ce ta wajabta kyauta, ya faɗi son ransa ne. Amma ta faɗi abubuwa uku da suka shafe ku kai tsaye. Ta ce wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa, in ɗaiɗaikun mutane ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne ko hukuma tarar naira miliyan 1. Ta ce a layi a fara sallamar mai buƙata ta musamman, in da hali ma a sallame shi a wajen layin. Sannan ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyinsu yadda mai keke da mai sanda za su iya shiga, kuma wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Filin wasa ginin jama'a ne. Ban da wannan, Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2010, kuma sashe na 30 nata ya ambaci shiga filayen wasanni ƙarara. Ba na ce gobe wani zai maka ku kotu ba. Ina so dai ka sami abin faɗa wa ɗan kwamitin da ke ganin alfarma ake yi wa mutane.

Yanzu ga masu cewa kowa ya biya daidai, ai adalci ke nan. A takarda maganar tana da daɗin ji. Amma ka yi lissafin abin da mutum biyu ke kashewa kafin su iso ƙofarka. Saurayi mai lafiya daga Badariya ko Gesse zai tako da ƙafa, ko ya haye kabu-kabu su biyu su raba kuɗin. Mai keken guragu ba ya hawa kabu-kabu. Ko dai ya murza kekensa cikin rana tun azahar, ko ya ɗauki shatar Keke Napep shi kaɗai saboda kekensa ya cinye wurin fasinja biyu, zuwa da dawowa, kuma kowa ya san yadda kuɗin abin hawa ya koma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Makaho sai ya zo da ɗan jagora, kuɗin mota biyu, ruwa biyu. In ka ce ɗan jagoran ma ya yanki tikiti, to makaho ya biya 1,000 a wurin da maƙwabcinsa ya biya 500, a kan wasa ɗaya. Nan ne bambancin yake ɓuya, a tikitin ɗan rakiya, ba a ragin naira 250 na rabin kuɗin tikiti ba.

Shi ya sa a ƙasashen da suka daɗe da wannan gwagwarmaya, tikitin ɗan rakiya ne ginshiƙin tsarin. A Ingila kulob-kulob da yawa suna karɓar kuɗi daga magoyin baya mai nakasa, wasu cikakke wasu da rangwame, amma mai taimaka masa kyauta yake shiga, domin ana ɗaukarsa kamar keken ne ko sandar, abin da ba a iya zuwa sai da shi. A gasar cin kofin duniya ta Qatar a 2022, tikitin masu buƙata ta musamman na wasannin rukuni ya fara daga riyal 40, farashi mafi araha a gasar, kuma na ɗan rakiya kyauta ne. Da aka zo sayar da tikitin gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meziko, ƙungiyoyin magoya baya na Turai sun yi ta ƙorafi a kan cewa FIFA ta sa wa ɗan rakiya kuɗi. Ka ga ke nan ba a kwamitinku kaɗai ake wannan rigimar ba, har masu biliyoyin daloli hannunsu na rawa a kanta.

Akwai kuma ƙa'idar da nake so ka riƙe game da rumfa. Saurayi mai lafiya yana da zaɓi: in aljihunsa ya yi nauyi ya shiga rumfa, in ya yi sauƙi ya tsaya a rana. Mai keke ba shi da wannan zaɓin in wuri ɗaya tak kuka tanadar masa. To in wurin nan ya faɗo a cikin rumfa, ba daidai ba ne ku ce ya biya kuɗin rumfa, tunda ba shi ya zaɓa ba, ku kuka ajiye shi a can. Farashin mafi araha shi ne nasa. Ranar da kuka iya tanadar wuri a ɓangarorin biyu, sai kowa ya biya na inda ya ga dama.

Me ya sa ban ce kyauta gaba ɗaya ba? Dalili biyu. Na farko, da yawa daga cikinsu ba sa so. Akwai masu gyaran waya, masu ɗinki, masu sayar da kati, malaman makaranta, ma'aikatan gwamnati, kuma sun gaji da a riƙa kallonsu da idon sadaka duk inda suka nufa. Na biyu ya shafe ku ne ku 'yan kwamiti. Abin da aka bayar kyauta ba a jin nauyinsa. Da zarar kuɗin mutum ya shiga jakarka, Malam Ma'aji, to ya zama yana bin ka bashin wurin zama, kuma yana da bakin tambaya. Magabata sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ba shi da halin 250 ɗin kuma ba a rasa yadda za a yi da shi: ku ware tikiti goma ko sha biyar ku ba shugabanninsu su raba, ko wani mai hali ya saye su ya bayar. Wannan ya fi a bar abin a hannun mai ƙofa.

Sai maganar ƙartai masu fakewa. Gaskiya ne ana yi, na sha gani. Gurgu ɗaya zai doso ƙofa, samari huɗu sun dafa kekensa, kowa na cewa shi ne mai turawa, suna shiga su watse su bar shi a rana. Wani lokacin ma bai san su ba, a bakin titi suka tare shi. Amma ka lura, rashin tsari ne ya haifi wannan, kuma shi gurgun ne aka fi cuta. Maganinsa rajista kafin gasa. Ku nemi reshen ƙungiyar JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman, ku kuma je gaida Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, domin su sun san mutanensu gida-gida fiye da kowace takardar asibiti. Ku ce masu sha'awar kallo su ba da suna mako ɗaya kafin a fara. A yi wa kowa ɗan kati, a rubuta a jiki ko yana buƙatar ɗan rakiya ko a'a. Kurma galibi ba ya buƙata. Mai dogara sanda ɗaya da ke hawa babur ɗinsa ba ya buƙata. Makaho, mai lalurar laka, mai farfaɗiya da kan iya faɗuwa cikin taro, yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa, waɗannan suna buƙata. Tikitin ɗan rakiya ya ɗauki lambar tikitin wanda ya rako, su shiga tare, su zauna tare. In an ga ɗan rakiya ya tsallake ya koma wajen abokansa, a karɓi cikakken kuɗi a hannunsa.

Abin da ba na so shi ne a mai da ƙofa ɗakin likita. Kada a ce wa mutum ya ɗage wando a ga ƙafar, ko a kaɗa wa makaho hannu a fuska don a gwada shi. Na ga an yi, kuma abin kunya ne. Akwai lalurorin da ido ba ya gani, kamar sikila, da ciwon da ke hana mutum tsayuwar minti 90. A warware wannan a wajen rajista, cikin sirri. Baƙon da ya zo daga Argungu ko Jega ko Kalgo bai yi rajista ba, in lalurarsa a bayyane take, a yanka masa tikitin a nan take, kada a tsaya dogon turanci.

Kuma don Allah ku yi lissafin asarar da ake jin tsoro. A ce filinku na ɗaukar mutum 2,000, kun ware wuri 20, da 'yan rakiya 20. In duk sun cika, kuma rabin kuɗi kuka karɓa, abin da ya kuɓuce muku bai wuce naira 15,000 ba a wasa ɗaya. Yanzu ka ƙirga waɗanda ke shiga ba tikiti ta ƙofar manya: yaran mai girma kansila, direban shugaban kwamiti da abokin direban, masu ɗaukar jakar koci su shida, ƙanen ɗan sanda, da mai cewa shi ɗan jarida ne alhali wayar Facebook ce kawai a hannunsa. A duk gasar da na yi wa aiki, ta nan kuɗin ƙofa ke zurarewa. Ban taɓa ganin kwamitin da guragu suka karya ba.

Adadin 20 ɗin ba daga kaina na ƙago shi ba. Jagorar gina filaye da Ingila ta fitar a 2003 ta ce filin da bai kai kujera 10,000 ba ya ware wurin keken guragu ɗaya cikin kowace kujera 100, kuma kada ya gaza shida komai ƙanƙantarsa. Mai kujera 10,000 zuwa 20,000 ya ware 100, da ƙarin biyar a kan kowace 1,000 da ta haura. Su ma can ba su cika ba sai da aka matsa musu: binciken BBC a 2014 ya gano uku ne kacal cikin kulob 20 na Firimiya suka kai adadin, sai a 2015 suka yi alkawarin gyarawa kafin Agustan 2017. A wurinmu ɗaya cikin 100 ma ƙaramin ma'auni ne. Ka tuna a 2003 an dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna, cutar ta sake bazuwa a Arewa, har a 2006 kaɗai ta kama yara sama da 1,000 a Najeriya. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da an rabu da asalin ƙwayar cutar. Yaran wancan lokacin su ne samarin yau, daidai shekarun da ƙwallo ke cin rai. Ga waɗanda haɗarin babur ya raba da ƙafa, ga waɗanda harin 'yan bindiga ya nakasa. Kuma ba 'yan kallo ba ne kawai. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, ɗan Arewa ne ya ƙirƙiro ta, Misbahu Lawan Didi, a 1988. Ku gyara wuri ku gani, za su zo fiye da yadda kuke zato.

To wane irin wuri? Nan ne na fi son ka ba ni hankalinka, domin kwamitoci da yawa sukan ƙare gardamar kuɗi su ɗauka an gama.

Abin da aka saba shi ne a jera su a bakin layi, ko bayan raga. Ana ganin gata ne, ga su kusa da 'yan wasa. Wuri ne mafi haɗari a filin. Ƙwallon da aka buga da ƙarfi, mai lafiya zai goce, mai keke a fuska zai karɓe ta. In aka ci ƙwallo a minti na 89 jama'a suka ɓarke cikin fili, ta kansu ake bi. In rigima ta tashi aka fara jifa, ko jami'an tsaro suka harba barkonon tsohuwa, kowa zai ranta a na kare, su ne za a bari cikin hayaƙi. A Accra ranar 9 ga Mayun 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, hayaƙin nan da rufaffun ƙofofi ne suka jawo mutuwar mutum 126, kuma mafi yawansu masu ƙafa biyu ne lafiyayyu. Ɗaya kuskuren shi ne a ajiye su a ƙasa bayan 'yan kallo. Ana fara kai hari kowa zai miƙe, mai keke sai dai ya kalli bayan riguna ya ji ihu, ya tambayi na kusa wa ya ci. Ya biya kuɗin kallo ya sami sauraro.

Abin da ake buƙata dandamali ne mai ɗan tsayi, a gefe, cikin inuwa, kusa da wata ƙofa da ba ta cunkoso, da shinge tsakaninsa da fili, kuma ba a barin kowa ya tsaya a gabansa. Kafinta da mai walda za su haɗa shi cikin kwana biyu, ko a yi da bulo da jar ƙasa a daddaɓe. Hanyar hawansa ta zama mai gangare a hankali: ma'aunin da aka sani shi ne kowane tsayin taku ɗaya a ba shi tsawon taku 12. Dandamali mai tsayin rabin mita yana son gangaren mita 6. In kuka gajarta shi, kun gina abin da zai kifar da mutum ta baya. A littattafan Turawa wurin keke ɗaya faɗin santimita 90 ne da tsawon 140, amma wannan na keken asibiti ne da ake turawa. Namu mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu ya fi shi tsawo sosai, yakan doshi mita 2, kuma ba ya juyawa a ƙunci. Ku kira mai irin keken ya zo ya hau ya juya a gabanku kafin a buga ƙusa ta ƙarshe. Masu jan jiki da masu katako kuma tabarma ko darduma suke so a gaban dandamalin, ba kujera ba. A sa benci a gefen kowa don ɗan rakiya, kada a tura shi can baya inda sai an yi masa ihu.

Inuwar ba ƙawa ba ce. Kai ma ka san Birnin Kebbi a watan Maris da Afrilu, zafi kan haura digiri 40, kuma ƙarfe huɗu ake take wasa, su kuwa tun uku muke so su shigo. Mai lalurar laka jikinsa ba ya iya daidaita zafi yadda ya kamata, wani ma ba ya gumi daga inda ciwon ya tsaya zuwa ƙasa. Zabiya kuwa rana ce babbar abokiyar gabarsa, fatarsa take ci, idonsa kuma ba ya jure haske, don haka shi ma a nan wurinsa yake ko da ƙafarsa lafiya lau. Tamfol ɗaya da randar ruwa sun isa.

Sai abin da ba a son faɗa a taro: bayan gida. Na san masu keke da ke daina shan ruwa tun hantsi ranar wasa, don sun san in fitsari ya kama su babu inda za su shiga. Ƙofar ta yi ƙunci, ko akwai matakala, ko ƙasan ya jiƙe da ƙazanta, ga mutumin da da hannu yake tafiya. Wannan ne ma ke hana matansu zuwa kusan gaba ɗaya. In ba ku da halin gini, ku kewaye wuri da zana ko kwano kusa da dandamalin, ƙofa mai faɗin mita ɗaya, ƙasa a bushe, buta da kujera mai rami, a sa yaro ɗaya ya kula da shi. Ku kuma bi hanyar da ƙafarku tun daga titi: lambatun da ke bakin ƙofa a ɗora masa faffaɗan katako mai ƙwari, yashin da taya ke nutsewa a zuba masa jar ƙasa.

Makafi ba su da tsada ko kaɗan. A manyan gasanni akwai sharhi na musamman da ake yi musu ta na'urar kunne, a Qatar ma an yi shi da Larabci. Ku ba ku buƙatar na'ura. Saurayi ɗaya mai bakin magana ya zauna tsakiyarsu. Sai dai a koya masa, domin aikinsa ya bambanta da na mai lasifika da ke zuba kirari yana gaida Alhaji wane da ya iso. Makaho so yake ya ji ƙwallo tana ina, a ƙafar wa take, hagu ko dama, taku nawa ya rage zuwa raga, me ya sa jama'a suka yi ihu yanzu, wane kati alƙali ya ɗaga. In gidan rediyo na watsa wasan, ku zaunar da su kusa da masu sharhin. Kurame kuwa allo suke so da ake rubuta ci da canji da ƙarin lokaci, da mutum ɗaya mai maganar hannu a kusa da su, musamman saboda ranar da za a yi sanarwar gaggawa a lasifika kowa ya ji ban da su.

Wani abu da zai iya faruwa da ku, gara ku shirya masa tun yanzu. Ana gobe wasan ƙarshe wani ɗan siyasa zai aiko cewa ya sayi ƙofa, a buɗe wa kowa kyauta. Kwamiti zai yi murna, kuɗi sun shigo a dunƙule. Ga masu buƙata ta musamman wannan ce rana mafi muni, domin babu tikiti babu ƙidaya, wanda ya fi ƙarfin kafaɗa shi ke shiga. A filin Olembe na Kamaru, a Janairun 2022, a bakin ƙofa mutum takwas suka mutu a turmutsitsi kafin wasan Kamaru da Komoros. Ko an sayi ƙofa, tikitin dandamali ya ci gaba da aiki da lambobinsa, kuɗin ne kawai za a yafe, kuma ƙofarsu ta kasance da mai tsaronta daban. A buɗe musu awa ɗaya kafin a buɗe wa jama'a. Wajen fita a ba su zaɓi, mai son ya riga taro ya fita ana saura minti biyar, mai son ganin an ɗaga kofi ya jira a lafa, jami'i na tsaye tare da su. Kada a yanke musu cewa dole su tafi kafin a tashi, su ma kofin suka zo gani. Kada kuma a garƙame ƙofar da kwaɗo mai makullin ya tafi kallo.

A Turai hukumar UEFA ta wajabta wa kulob-kulob naɗa jami'i na musamman mai kula da wannan sha'ani tun 2015. Ku ma ku naɗa mutum ɗaya a rubuce, cikin bayanin taron da za ku yi, kuma in da hali ya kasance daga cikinsu, da kujerarsa a kwamiti. Makullin ƙofar gefe a hannunsa, littafin rajista a hannunsa, lambar wayarsa a bayan kowane tikitin. Kada ku haɗa masa da aikin tarbar manyan baƙi, domin da zarar jiniyar mai girma shugaban ƙaramar hukuma ta doso, can zai ruga da lema, ya bar mutum 20 a bakin lambatu.